RANAR DA DABARA TA KA DA ƘARFI A WIMBLEDON

Jama'a, cikin wasannin da Turawa suka ƙago akwai wanda a ke kira tanis. Cikin gasannin tanis kuwa babu wadda ta kai ta Wimbledon daɗewa da martaba. Yau muna so mu waiwayi gasar shekarar 1975, mu ba masu karatu labarin yadda wani baƙin mutum na Amurka mai suna Arthur Ashe ya ci ta. Ba mu ɗauko labarin nan domin nishaɗi kaɗai ba. Mun ga akwai abin lura a cikinsa ga malamin makaranta da ma'aikacin ofis, ko da bai taɓa riƙe abin bugun tanis ba.

Wurin Da Yadda A Ke Wasan

Wimbledon wata unguwa ce a kudu maso yammacin birnin Landan. A shekarar 1877 aka fara gasar, mutum 22 suka shiga, wani mai suna Spencer Gore ya ci. A 1922 aka koma da ita filin da a ke yi har yanzu. A kan fara ta a ƙarshen watan Yuni ko farkon Yuli, a yi mako biyu ana fafatawa, kuma doka ce kowane ɗan wasa ya sa fararen tufafi. Maza 128 ke shiga. Wanda aka ka da sau ɗaya ya fita ke nan, saboda haka sai mutum ya ka da abokan karawa bakwai a jere kafin a miƙa masa kofi.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda ya ke a taƙaice. Mutum biyu ke tsayawa, raga a tsakaninsu, kowa riƙe da raket, watau abin bugu mai saƙaƙƙen kai. Ɗaya ya buɗe da bugun da a ke kira sabis, ɗayan ya mayar, su yi ta musaya har wani ya saka ƙwallo a raga ko ya fitar da ita bayan layi. Maki su ke taruwa su zama wasa guda. Wanda ya fara cin wasa shida, yana gaba da biyu, ya ɗauki turmi, in mun ari kalmar 'yan dambe. A Wimbledon namijin da ya fara ɗaukar turmi uku cikin biyar shi ya yi nasara.

Abin da ya bambanta Wimbledon da sauran manyan gasanni uku shi ne ciyawa. A Faransa a kan garin jan bulo a ke yi. Amurka ta bar ciyawa a 1975, Ostareliya ta bar ta a 1988, aka bar Ingila ita kaɗai. Masu kula da filin su kan aske ciyawar ta tsaya milimita 8. Ƙwallo in ta faɗi a kanta ba ta tashi sama sosai, sai ta sulale ƙasa-ƙasa da sauri. A tuna da wannan hali na ciyawa, domin a kansa labarinmu zai rataya.

Mutanen Biyu

Arthur Ashe an haife shi ran 10 ga watan Yuli 1943 a Richmond, cikin jihar Virginia, a zamanin da doka ta raba baƙi da fari a makaranta da mota da filin wasa. Mahaifinsa mai tsaron wani dandalin wasa ne da aka keɓe wa baƙaƙe, gidansu ma a cikin dandalin ya ke. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 6. Wani likita baƙin mutum, Dokta Robert Walter Johnson na garin Lynchburg, shi ya ɗauke shi ya horar. Likitan nan shi ne kuma ya taimaki Althea Gibson, baƙar mace ta farko da ta ci Wimbledon, a 1957 da 1958. Horonsa bai tsaya ga bugun ƙwallo ba. Yana koya wa yaransa kada su yi gardama da alƙali, kada su nuna fushi a fili, in kuwa ƙwallon abokin karawa ta faɗi dab da layi har ana shakka, su bar masa makin. Ya san cewa kuskure ɗaya na yaro baƙi ya isa a rufe wa sauran ƙofa.

Ashe bai bar karatu saboda wasa ba. Ya gama jami'ar California ta Los Angeles a 1966, ya shiga soja ya zama laftana. A 1968 ya ci babbar gasar Amurka, amma da ya ke a lokacin ba ɗan wasan kuɗi ba ne, dala 14,000 na kyautar sai aka ba Tom Okker, mutumin da ya ka da. A 1970 ya ci ta Ostareliya. Wimbledon kuwa ta gagare shi. Sau biyu yana kaiwa wasan kusa da na ƙarshe, a 1968 da 1969, duka biyun Rod Laver ya tare shi. Zuwa 1975 ya ba shekara 31 baya, mutane da yawa suna ganin ranarsa ta yi yamma.

Jimmy Connors kuwa saurayi ne ɗan shekara 22, bahago, mai zafin nama da zafin baki. A 1974 ya ci gasar Ostareliya da Wimbledon da ta Amurka, kuma cikin shekarar duka sau huɗu kaɗai aka ka da shi. A wasan ƙarshe na Wimbledon na shekarar ya murƙushe tsohon gwani Ken Rosewall da 6-1, 6-1, 6-4. Raket ɗinsa na ƙarfe ne, a zamanin da yawancin 'yan wasa na katako su ke riƙewa. Gwanintarsa ita ce mayar da bugu. Iyakar ƙarfin da ka aika masa da ƙwallo, iyakar ƙarfin da za ta komo maka, har da ƙari. Kafin 1975 sun kara da Ashe sau uku, duka ukun Connors ya ci.

Ban da wannan kuma akwai jiƙaƙƙa tsakaninsu. Ashe shi ne shugaban ƙungiyar 'yan wasan tanis maza, Connors kuwa ya ƙi shiga ƙungiyar, har ya kai ta ƙara. Ya kuma ƙi buga wa ƙasarsa gasar ƙasashe ta Kofin Davis, Ashe ya soki wannan a rubuce. Ana dab da fara Wimbledon sai labari ya fito cewa Connors ya kai Ashe kansa ƙara, yana neman diyyar miliyoyin daloli saboda ɓata suna. Watau mai ƙara da wanda a ke ƙara su ne za su haɗu, raga a tsakaninsu.

Hanyar Zuwa Wasan Ƙarshe

Masu shirya gasa sun sa Connors na ɗaya a jerin gwanaye, Ashe na shida. Connors ya wuce mutum shida bai ba ko ɗayansu turmi guda ba. A wasan kusa da na ƙarshe ya gamu da Roscoe Tanner, wanda ba a cika samun mai ƙarfin sabis kamarsa ba a zamanin. Tanner ya yi ta sakin bugu kamar harsashi, Connors yana mayar masa, aka tashi 6-4, 6-1, 6-4.

Ashe kuwa da gumi ya iso. Ya ka da Bjorn Borg na Suwidin, yaro ɗan shekara 19, bayan ya rasa turmin farko. Sa'an nan ya sha wuya a hannun Tony Roche na Ostareliya, sai a turmi na biyar ya samu kansa. Saboda haka da aka wayi gari ran wasan ƙarshe, masana da 'yan jarida kusan bakinsu ɗaya. Abin da su ke tattaunawa shi ne ko Ashe zai tsira da mutuncinsa, ko kuwa abin da ya sami Rosewall zai same shi.

Shawarar Dare

To, ga inda labarin ya ke. Ashe shi ma mai ƙarfin bugu ne. Tun yana saurayi an san shi da sabis mai zafi da bugun kasada, ya ci ko ya zubar. Da wannan hali ya ci gasar Amurka da ta Ostareliya, shi ne abin da ya fi iyawa, shi ne kuma abin da ya fi so. Amma ya ga abin da ya sami Tanner, ya gane cewa wanda ya kai wa Connors ƙarfi, itace ya ƙara wa wuta.

Daren jajibere ya zauna da aminansa, cikinsu har da Donald Dell da Charlie Pasarell, ya kuma nemi shawarar Dennis Ralston, wanda ya taɓa shugabantar 'yan wasan Amurka a Kofin Davis. Suka baje wasan Connors kamar yadda mai binciken kuɗi ke baje littafin ma'aji, suna neman inda lissafi bai cika ba. Suka samu wuri uku.

Na ɗaya, Connors da hannu biyu ya ke riƙe raket in ƙwallo ta zo masa ta dama. Mai riƙo da hannu biyu kuwa ba ya miƙewa da nisa. Saboda haka sai a karkata sabis ya fita can gefe ta damansa, a jawo shi waje, a bar fili a buɗe.

Na biyu, in ƙwallo ta zo ta hagunsa a miƙe ya ke bugunta, ba ya murza ta. Bugun nan yana da kyau in ƙwallo ta taso daidai ƙugu. In kuwa ta zo a hankali, ƙasa-ƙasa, dab da ciyawa, tilas ya ɗago ta ta haye raga, ga shi babu ƙarfin da zai ara. Sai ta faɗa raga, ko ta zarce layi. A nan ciyawa ta zama abokiyar Ashe, domin ƙwallon da aka shafo ta ƙasa ba ta tashi a kanta.

Na uku, Connors in ya matso raga ya kan matso ƙwarai. Maganin wannan shi ne a ɗaga ƙwallo ta wuce ta bisa kansa, ya juya da gudu.

Faɗin wannan a baki ba wuya. Wuyar ita ce mutum ya ajiye abin da ya saba fiye da shekara 20, ya ɗauki wani salo dabam, a ranar da ta fi kowace rana girma a aikinsa, a gaban dubban mutane. In salon ya ƙi, ba faɗuwa kaɗai zai yi ba, za a ce tsoro ya ji. Ashe ya san haka, ya kuwa amince.

Ran 5 Ga Watan Yuli

Ranar Asabar ce. Ashe ya shigo fili sanye da rigar 'yan wasan Amurka ta Kofin Davis, da sunan ƙasar a ƙirji. Bai ce kome ba, amma duk wanda ya san ƙarar da ke tsakaninsu ya gane abin da rigar ke faɗi.

Connors ya ci wasan farko. Daga nan sai abin mamaki ya fara. Ashe ya yi ta aika masa da ƙwallo a sanyaye, wata gajera, wata can gefe, wata ta bisa kai. Connors ya kai bugu, ƙwallo ta faɗa raga. Ya sake kaiwa, ta fita. Ashe ya ci wasa shida a jere ya ɗauki turmin farko 6-1. Turmi na biyu ma haka, 6-1. Ba a cika awa guda ba, mutumin da ya yi mako biyu ba a karɓi turmi a hannunsa ba ya rasa biyu. In an zo hutun sauya gefe, sai a ga Ashe ya zauna shiru, ya rufe ido, ba ya ko motsi, yana tattara hankalinsa.

Amma Connors ba ya mutuwa da sauƙi. Ya dage ya ƙwaci turmi na uku 7-5, ya shiga na huɗu da zafinsa har ya kai 3-0. A ganinmu nan ne aka yi ainihin jarrabawar. Mutum in ya ga dabararsa ta fara ƙin ci, zuciya ta kan raya masa ya koma ga abin da ya saba. Da Ashe ya bi zuciya ya koma bugun ƙarfi, da ya ba Connors abin da ya ke nema tun farkon wasa. Bai koma ba. Ya ci gaba da sanyaya ƙwallo, yana jawo shi gefe, har ya ci wasa shida cikin bakwai da suka rage. Makin ƙarshe ma da sabis ɗin nan na gefe ya same shi: Connors ya miƙa da ƙyar ya mayar, Ashe ya tare ta a raga ya ajiye inda babu kowa. Aka tashi 6-1, 6-1, 5-7, 6-4.

Ashe ya juya wajen aminansa ya ɗaga dunƙulen hannu sau ɗaya, shi ke nan murnarsa. Aka ba shi kofi da fam 10,000, saura kwana biyar ya cika shekara 32. A ɓangaren mata kuwa Billie Jean King ce ta ka da Evonne Goolagong Cawley da 6-0, 6-1, cinta na shida ke nan, aka ba ta fam 7,000.

Domin adalci sai mu ƙara abu biyu. Connors ya faɗa daga baya, a littafin tarihin rayuwarsa, cewa da ciwo a ƙafa ya yi gasar. Kuma Ashe bai sake ka da shi ba har ya bar wasa. Wannan bai rage kome ba, sai ma ya ƙara fito da maganarmu. Connors ya fi shi ƙarfin wasa, kafin ranar da bayanta. Amma ranar da ta fi muhimmanci, wanda ya yi nazari shi ya ci. Ba a daɗe ba kuma aka janye ƙarar.

Ashe Da Ƙasashenmu

Mutumin nan ba baƙo ba ne a Afirka. A 1970 ya zaga ƙasashe da dama tare da Stan Smith suna koya wa yara wasa, har da Nijeriya da Gana. A 1971 ya je Yawunde ta Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana bugu, ya yaba, ya yi magana aka kai shi Faransa horo. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci babbar gasar Faransa a 1983. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta yi ta hana Ashe izinin shiga, sai a 1973 ta bari.

A watan Fabrairu 1976, yana riƙe da kofin Wimbledon, ya zo wata gasa a Ikko. Ana cikinta aka kashe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammed ran 13 ga wata, Allah ya jiƙansa. Bayan 'yan kwanaki aka ce a ci gaba da wasa. Ashe na cikin karawa da Jeff Borowiak sai sojoji suka shigo fili suka tsai da wasan, aka fitar da shi da bakin bindiga a bayansa. Ba abin alfahari ba ne gare mu, amma tarihi ne, ba a ɓoye shi. Abin alfaharinmu a Wimbledon ya zo a 1983, sa'ad da Nduka Odizor, ɗan Nijeriya, ya ka da Guillermo Vilas a zagayen farko, ya kai har zagaye na huɗu.

Ashe ya kamu da ciwon zuciya a 1979, ya bar wasa a 1980. Wajen aikin zuciya na biyu, a 1983, aka ƙara masa jini mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, domin a lokacin ba a fara gwada jini saboda ita ba. Ya bayyana wa duniya a 1992, ya rasu ran 6 ga watan Fabrairu 1993 yana da shekara 49. Shekara 50 bayan nasararsa, watau har gasar 2025, babu wani baƙin namiji da ya sake cin kofin maza na Wimbledon.

Abin Lura

Mu da aikinmu ya ke horon malamai da zaga makarantu, mun sha ganin irin wannan jarrabawa, ko da ya ke babu kofi a cikinta. Ga malami mai murya, mai kwarjini, wanda ya yi shekaru yana koyarwa da tsawa da maimaici, yana kuwa samun biyan bukata. Ran nan sai a ba shi ajin da wannan hanya ba ta ci. Abin da yawancinmu kan yi shi ne mu ƙara tsawa, mu ƙara maimaici, in abin ya ƙi mu ce yaran ne ba su da kai. Kaɗan ne ke zama da dare su tambayi kansu ina ne yaran nan su ke tuntuɓe, su kuma nemi shawarar abokan aiki ba tare da jin kunya ba. Cikin kaɗan ɗin nan ma, wasu da sun gwada sabuwar hanya kwana uku ba su ga amfani ba, sai su koma gidan jiya. A nan a ke asarar yara, domin shekarar da yaro ya rasa a aji ba ta komowa. Haka abin ya ke ga ma'aikacin ofis da aka sauya wa tsarin aiki, ko aka kai shi wurin da halin mutanensa dabam ne.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa sai ta sake. Kowa ya san karin maganar, amma aiki da ita sai wanda ya iya danne son ransa. Ashe ya yi abu uku da kowa zai iya koyo: ya yarda cewa abokin karawarsa ya fi shi a inda ya fi shi, ya shirya tun da dare domin ba a fafe gora ranar tafiya, sa'an nan ya tsaya a kan shirinsa sa'ad da abu ya yi tsanani.

Muna kuma jan hankalin shugabannin makarantu game da wasanni. Wasu sun ɗauke su ɓata lokaci, wasu kuwa su kan ɗauki yaro mai ƙafa ko mai hannu su sake shi ya bar littafi. Duka biyun kuskure ne. A Richmond, garin da aka taɓa hana Ashe shiga filayen fararen fata, an kafa masa mutum-mutumi a 1996. Yara na kewaye da shi, raket a hannu ɗaya, littattafai a ɗayan, kuma hannun littattafan shi ya fi ɗagawa sama. Malamin wasanni da malamin aji su dubi wannan tare, su san yaro ɗaya su ke reno.

Allah ya ba mu ikon gane inda ƙarfinmu ya tsaya, ya kuma ba mu haƙurin neman dabara. Amin.